Wai Su Wane ne Arna?

Mai Nazari: Abin da ke ƙona min rai shi ne yadda ake zuba kowa a kwando ɗaya. Arnan Turai na yau, akasarinsu abu uku ya haɗa su: alloli da yawa, maza da mata; girmama rana da ƙasa da ruwa da itatuwa a matsayin masu tsarki; sannan babu littafi ko annabi ɗaya da ya ɗaure kowa. 'Yan Wika, wani rukuni daga cikinsu, bukukuwa takwas gare su a shekara: yinin da ya fi tsawo, wanda ya fi gajarta, ranaku biyu da dare da yini ke daidaita, sai huɗu a tsakani. Amma a ce wai ba su da addini!

Dattijo: Malam, arne zagi ne, ka janye. Tasu kalmar, pagan, daga Latin take, paganus, wato mutumin karkara. Kiristocin daular Rum ne suka laƙaba wa masu tsohon addini a ƙarni na 4.

Ɗan Jami'a: Baba, ai ita ma gorin ce, baƙauye ke nan. Wasu masana ma sun ce farar hula take nufi, wanda bai shiga rundunar Almasihu ba.

Dattijo: Yaro, "wasu masana" ba hujja ba ce.

Uwar Gida: To ku ce maguzanci mana, kowa ya huta.

Alaramma: A'a Hajiya, ana danganta kalmar da Majusu, su kuwa daban suke. Suratul Hajji aya ta 17 ta ambace su daban, ta ambaci masu shirka daban. Sayyidina Umar bai karɓi jiziya daga gare su ba sai da Abdurrahman bin Auf ya shaida cewa Annabi (SAW) ya karɓa daga Majusun yankin Hajar da ke gabashin ƙasar Larabawa.

Ɗan Jami'a: Allah gafarta malam, ai su ma cewa suke ba wuta suke bauta wa ba. Ahura Mazda suke kira Ubangijinsu, wutar alamar tsarki ce.

Alaramma: Da bakinsu suka faɗa maka?

Mai Nazari: Jama'a, abu ukun fa? Gwamnatin ƙasar Aisland ta amince da addinin masu bin Odin da Thor, tsoffin allolin arewacin Turai, tun 1973.

Almajirin Alaramma: Duk wanda ya musa wa Malam, ya fara kawo aya.

Dattijo: Ba da kai ake ba. Kuma Majusu ba a Turai suke ba, Farisa ce tushensu.

Almajirin Alaramma: A taƙaice dai, an tattauna, Malam ya kawo aya da hadisi, babu wanda ya iya ture su. Ɗan Jami'a ya yi ta kame-kame da Latin. Maganar bukukuwa takwas kuwa dama ba ita ta tara mu ba.

Ɗan Jami'a: Latin ɗin Baba ne ya kawo, ba ni ba.