Neman kalma: me za mu kira "gravel" a harkar keke?

Maman Sadik: Salamu alaikum jama'a. A agaza min kafin ƙarfe huɗu. An miƙo min rahoton wasanni na minti uku in fassara, kuma ni zan karanta shi da yamma. Magana ce a kan masu hawan keke a hanyoyin karkara da ba a shimfiɗa wa kwalta ba, abin da Turawa ke kira gravel cycling, keken kuma gravel bike. An ambaci gasar Unbound da ake yi a Emporia ta jihar Kansas a Amurka, mil 200, da gasar duniya da hukumar tseren keke ta duniya, UCI, ta fara shiryawa a Italiya a 2022. Na rubuta "tseren keke a kan tsakuwa", amma da na karanta a fili sai na ji kamar an juye tifa guda ta tsakuwa an ce su bi ta kai. Akwai kuma rolling countryside, shi ma ya tsaya min a wuya.

Ɗan Tsere: Wa alaikumus salam. Burji, Hajiya. Tseren burji, keken burji. Shi ke nan.

Abu Hanif: Ni ma burji na zo faɗa. Kunnenki bai yi ƙarya ba, tsakuwa kayan gini ce, ita ake kwaɓawa da siminti. Su kuwa hanya suke nufi, wadda aka zuba wa ƙasa da ƙananan duwatsu aka daddaɓe, motocin manoma na bi. Bahaushe yana da sunanta tun tuni.

Maman Sadik: Abin da ya sa na yi jinkiri, in aka ce burji jar ƙasa nake gani a idona. Rahoton kuwa ya kawo hanyoyin Tuskani na Italiya, inda ake gasar Strade Bianche da ke ƙarewa a birnin Siena. Ma'anar sunan ma "fararen hanyoyi", ƙurar fara fat.

Abu Hanif: To sai ki ce farin burji. Ai siffa ba ta ƙare a kasuwa ba.

Malam Na-Allo: Ku yi haƙuri in sa baki. Wannan gaggawar ce ke kashe mana harshe. Kowa ya zo da kalmomi uku huɗu a jere ya ce ya yi fassara. Fassara daban, ƙirƙira daban. Na daɗe ina cewa a riƙa haɗe kalmomi a fitar da guda ɗaya mai nauyi. Tsakuwa da keke, a ce TSAKEKE. Mai hawa matsakeki, jam'i matsakeka, aikin kuma tsakekanci. Ga ƙirar ma- ta zauna daram, ga -anci. Wane nahawu aka karya?

Ɗan Tsere: Allah gafarta Malam, tsakeke sai ka ce sunan tsuntsu. Wallahi in na ji a rediyo zan ɗauka cutar kaji ce ta ɓulla.

Yaya Bilki: Malam, ai an karya. Ma- na mai aikatawa daga aikatau yake fita: rubuta marubuci, ɗinka maɗinki, noma manomi. Ina aikatau a tsakeke? Sai ka fara ƙirƙiro "ya tsakeka" tukuna. Kuma Hausa ba ta cika gutsure kalma biyu ta liƙa ba, jerawa take yi: jirgin sama, gidan waya, keken ɗinki. Abin da ka kira ragwanci shi ne hanyar harshen.

Malam Na-Allo: 'Yata, lokacin da nake koyar da nahawu ba na jin an yaye ki. Jirgin sama ma ranar da aka fara faɗarsa wani ya yi dariya.

Yaya Bilki: Haka ne Baba, na bi. Amma wanda ya yi dariyar ya gane abin da ake nufi.

Injiniya: Kafin a yi nisa, bari in faɗi yadda keken yake, don suna ya dace da mai shi. Kansa lanƙwasasshe ne irin na keken tseren kwalta, amma tayarsa ta fi kauri: na kwalta kamar milimita 25 zuwa 30, wannan kuwa daga 35 har 50, da ɗan haƙora. Ana rage mata iska don ta kama ƙasa ta kuma shanye gargada. Yawanci babu tiyub a ciki, wani ruwa mai danƙo ake ɗurawa, in ƙaya ko dutse ya huda sai ya toshe ramin da kansa. Birkinsa na faifai ne saboda laka. Ba keken hawan dutse ba ne, shi wancan kansa miƙaƙƙe ne kuma yana da sifirin. Saboda haka wanda ya turo min "keken daji" ta bayan fage, a'a, wancan ya riga ya cinye sunan.

Ɗan Tsere: Ni ne, kuma na janye.

Sarkin Gardama: Ni fa ban ga abin wahala ba. A ce girabul kawai. Taya, birki, giya, faci, wanne ne kakanninmu suka bar mana? Kwaltar da kuke ta ambata ma daga coal tar take. Mun ara mun yafa, babu wanda ya mutu.

Malam Na-Allo: Ga irinta nan. In Balarabe ya ba mu kalma a ce tsohon yayi, in Bature ya bayar a rungume. Kafin basukur ai dokin ƙarfe muke cewa, wa ya fi shi daɗi a baki? Ku 'yan Hausar boko kunyar harshenku kuke ji.

Sarkin Gardama: Ranka ya daɗe, bokon da kake zagi da shi ka rubuto wannan saƙon.

Abu Hanif: Girabul ba ta da gurbi. Ana aro ne in babu. Ba mu da birki shi ya sa muka ara, amma hanya marar kwalta mun san ta kafin mu san mai kwaltar. A bar wa Malam dokin ƙarfensa don waƙa.

Malam Na-Allo: Ku da kuke gidajen rediyo kun ɗauka duk abin da ya fita daga bakinku ya zama doka. Jami'a ce ke da hurumin daidaita kalma.

Yaya Bilki: To Baba a kira taro, a kafa kwamiti, baiwar Allah kuma ƙarfe huɗu na jiranta.

Maman Sadik: Uku saura kwata fa. Ga wata kuma: yankin da ake gasar Kansas sunansa Flint Hills. An ce duwatsun wurin kaifi gare su, yanka taya suke yi kamar reza, shi ya sa faci ya yi yawa a gasar. Na duba ƙamus, flint wai ƙanƙara.

Injiniya: Kada ki kuskura. In kika ce Tuddan Ƙanƙara kowa zai ɗauka a cikin dusar sanyi ake tseren, alhali farkon bazararsu ake yi, ga rana ga ƙura, in an yi ruwa kuma laka ta cushe taya har sai mutum ya saɓa keken a kafaɗa. Bar sunan yadda yake, ki ƙara da cewa dutsen ƙyastu ne, irin wanda ake ƙyasta wuta da shi.

Malam Na-Allo: Ƙyastu. Madalla. Ashe akwai sauran masu jin Hausa a nan.

Maman Sadik: Saura rolling.

Ɗan Tsere: Tudu da kwari.

Abu Hanif: Kwari ya yi zurfi. Ba tsaunuka ba ne, ƙananan tuddai ne bi da bi, ka hau wannan ka gangara, kafin ka huta ga wani. Su ne ke cinye ƙafa, don babu doguwar gangara da za ka saki feda ka numfasa. Ni "hawa da gangara" zan ce.

Yaya Bilki: Ko "ƙasa mai tuddai-tuddai". Ninkin ya nuna ƙanana ne kuma da yawa.

Sarkin Gardama: Tuddai-tuddai a bakin mai karanta labarai? Harshe zai harɗe.

Maman Sadik: Na gwada sau uku, ya harɗe sau biyu. Ga abin da zan shiga da shi: "tseren keke a hanyoyin burji na karkara, masu hawa da gangara". Daga nan sai in riƙa cewa tseren burji, keken burji. Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci.

Malam Na-Allo: Burjin ba laifi, tunda lokaci ya ƙure. Amma ban janye tsakeke ba, na ajiye shi ne. Kuma a rubuta cewa ƙyastu ta shiga rahoton.

Injiniya: Malam, ni fa na kawo ƙyastu.

Malam Na-Allo: Ni na amince da ita.

Sarkin Gardama: Mai hawan fa, me za a ce masa? Ɗan burji?

Yaya Bilki: Ta riga ta shiga ɗakin watsa shiri. Buɗe wani zaren.