Abin da muka kwaso daga hirar bangaskiya da aiki

Ran Lahadi bayan sujada muka zauna gindin bedi a Maradi, tambayar ɗaya ce: me ke baratar da mutum gaban Allah, bangaskiya ko aiki? Dattijonmu ya buɗe wasiƙar Bulus ga Afisawa 2:8-9, ya ce ceto kyautar alheri ce, kada kowa ya riƙa lissafin zakkarsa kamar mai biyan bashi. Wata mama ta ɗauko Yakubu 2:15-17, ta ce: "Ɗana, ka sallami mayunwaci da addu'a alhali gero cike da rumbunka? Bangaskiyarka matacciya ce." Wannan ta taɓa ni ƙwarai. Aka tsayar a riƙa karanta Bulus da Yakubu tare, ɗaya na maganar saiwa, ɗaya 'ya'yan itacen. Matasa kuwa aka ce su soma ɗebo wa gwauraye ruwa.