Mace kuma baƙar fata: me kuka gani a wurin aiki?

Maman Ilham: Assalamu alaikum 'yan uwa. Shekarata shida ina aikin jinya a Ingila. Jiya na kai wa wani tsoho magani, ya kalle ni sama da ƙasa, ya ce in je in kira masa nas. Ya ɗauka mai goge-goge ce. Abokin aikina ɗan Ghana baƙi ne kamar ni, amma shi "dokta" suke ce masa. Sau uku ana tsallake ni a ƙarin girma. Da na kai kuka, shugabar sashe ta ce ga mata nan a manyan muƙamai, ga baƙaƙe ma, to ina wariyar? Wallahi na rasa bakin magana.

'Yar Damagaram: Allah sarki Yaya. Ni aikatau na yi a Jidda. Mu biyu ne a gidan, ni da 'yar Filifin, albashinta ya fi nawa. Ita girki, ni wankin banɗaki. Direban ɗan Sudan ne, baƙi, amma yana fita abinsa. Ni fasfona na cikin durowar uwar gida. Shekara biyu yaran ba su koyi sunana ba, sai "takruniya".

Ɗalibar Lauya: Anti, amsar da aka ba ki tsohuwa ce. A 1976 aka yanke hukunci kan ƙarar da mata baƙaƙe biyar suka kai kamfanin ƙera motoci na General Motors a Amurka. Kamfanin na ɗaukar mata, amma farare, a ofis. Yana ɗaukar baƙaƙe, amma maza, a masana'anta. Kotu ta ƙi yarda a haɗa launi da jinsi a matsayin ƙorafi ɗaya. Wannan shari'a na cikin waɗanda Kimberlé Crenshaw, wata malamar shari'a a Amurka, ta kafa hujja da su a 1989 cewa wariyar launi da ta jinsi kan haɗu a kan mace baƙar fata. A Birtaniya ma, sashe na 14 na dokar daidaito ta 2010 ya tanadi ƙara kan dalilai biyu a haɗe, amma ba a fara aiki da shi ba. Ki riƙa rubuta rana, abin da aka faɗa, da wanda ya ji.

Ummu Sadik: Ni a Faransa har da ɗankwali aka haɗa min. A waya an ce in zo, da suka gan ni sai gurbin ya cike.

Maman Ilham: Na gode ƙanwata. Na sayi littafi yau, na fara da maganar tsohon nan. Ranar Litinin zan ga wakiliyar ƙungiyarmu ta ma'aikata.