Fito da gefuna da kusurwoyi a hoto: me kuka gani a aikace?

Maɗinki, Zariya:
Salamu alaikum 'yan uwa. Ina ɗaukar hoton manyan riguna don masu saye daga nesa, amma aikin aska takwas sai ya fito a dushe, musamman idan zaren da shaddar launinsu ɗaya. Tsinin askar ba ya fita ko kaɗan. Yarona ya saka matatar Sobel, mai fito da gefunan hoto, a manhajar gyaran hoto ta GIMP, sai hoton ya koma baƙi ƙirin da fararen layuka. Wanda ya taɓa wannan aiki don Allah ya taimaka.

Ɗalibar kwamfuta, Kano:
Wa alaikumus salam Baba. Hoton bai lalace ba, haka Sobel yake. Yana duba kowane ɗigon hoto (pixel) tare da maƙwabtansa a akwati 3 sau 3, ya auna yadda haske ke sauyawa daga hagu zuwa dama, sannan daga sama zuwa ƙasa. Inda babu sauyi ya bar shi baƙi, inda sauyin ya yi ƙarfi ya yi fari. Irwin Sobel da Gary Feldman ne suka fito da shi a Stanford a 1968. Wannan baƙin hoton taswirar gefuna ce: a ɗora ta kan na asali a matsayin abin rufi (mask), ta yadda in an ƙara wa hoton kaifi zai sauka kan zaren kaɗai.

Ni kuskuren da na yi a aikin makaranta da OpenCV, kayan aikin sarrafa hoto na masu shirya manhaja, shi ne auna ɓangare ɗaya, hagu zuwa dama kaɗai. Duk layukan kwance suka ɓace, na kwana biyu ina neman dalili. Da na haɗa biyun suka dawo. Tunda askarku a karkace take, matatar Scharr, mai aiki irin na Sobel, ta fi Sobel daidaito a layukan gicciye.

Mai studiyo, Maraɗi:
Alhaji, ka fara tambayar ta ina hoton ya biyo. An taɓa turo mini hoton ango ta WhatsApp, ina sa matatar Sobel sai ƙananan murabba'ai suka bayyana a fuskarsa kamar tabarma. Matsewar JPEG ce, wato rage nauyin hoto ta yanka shi ɗigo 8 sau 8, kuma matatar ba ta bambance datti da zare, duk sauyin haske gefe ne a wurinta. Tun ranar nake cewa a turo mini a matsayin fayil. Nakan kuma ɗan dusashe kwafin hoton kafin in ciro gefunan, faɗin kaifin kuma ba na wuce ɗigo 1 ko 2. In ya wuce, farin zobe ke zagaye hular mutum, mai saye kuma zai gane an taɓa hoton.

Mai ɗaukar hoton gine-gine:
Na sha ɗaukar zayyanar tsofaffin gidaje a cikin birnin Zariya. Da rana tsaka bango yakan fito sumul, ko wace matata ka sa. Da hantsi ko la'asar sakaliya, hasken gefe na jefa inuwa a kowane lungu, sai kusurwa ta fito da kanta. Shimfiɗa rigar taga na gefenta, ka kashe filashi.

Maɗinki, Zariya:
Allah ya saka da alheri. Na shimfiɗa ta kusa da taga da safe, yaron ya yi abin rufin yadda 'yata ta bayyana. Tsinin askokin ya fito ɗaya bayan ɗaya, har saƙar zaren ana gani. Saura sheƙin shadda a kafaɗa, wurin ya yi fari fat. Gobe zan rataya farin mayafi a tagar in sake ɗauka.