Jama'a me za mu kira "working poor" da Hausa?

Salam 'yan uwa, ina fassara wani rubutu ne kan talaucin yara sai kalmar nan ta tsaya min a wuya. Ana nufin mutumin da kullum yana fita aiki, ba zaman kashe wando yake ba, amma abin da ake biyansa bai kai ya ciyar da gidansa ba. Kamar a nan Kaduna, maigadi a Unguwar Rimi ko malamar makarantar kuɗi a Rigasa, wata na kaiwa goma albashi ya ƙare, sai a cire yaro daga makaranta a ɗora masa tallan fiya wata a Kawo.

Da farko na sa "talakan ma'aikaci" sai wani dattijo a nan ya ce a'a ɗana, talaka a asali ai wanda ba shi da sarauta ne, mai kuɗi ma talakan sarki ne. Gaskiyarsa. Wata ta ce lebura ko ɗan ƙwadago, to amma malamar can da NCE ɗinta lebura ce? Wani kuma ya kawo "mai hannu baka hannu ƙwarya", ya yi daɗi a baki wallahi amma manomi ma yana ciki, ɗan kasuwa ma haka, bai nuna cewa wani ne ke biyanka ba.

Shi kuwa wanda ya ce ai an ƙara albashi, eh a 2024 an maida mafi ƙarancin albashi dubu 70 daga dubu 30, Kaduna ma ta ce dubu 72, amma dokar ba ta hau kan wurin da ma'aikatansa ba su kai 25 ba, kuma nan ne yawancin mutanenmu suke, shago, gidan burodi, gadin gida. Ga kuɗin Keke tun da aka cire tallafin mai a 2023. Shi ya sa da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa (NBS) ta ce a 2022 mutum miliyan 133 na cikin talauci kuma yara sun fi shan wuya ban yi mamaki ba.

Ni dai yanzu a rubutun zan sa "ma'aikata matalauta", a hira kuma wanda wata baiwar Allah daga Kakuri ta kawo, "'yan ga-aiki-ga-yunwa". Namiji ɗan, mace 'yar. Mutanen rediyo, ya zauna a bakinku kuwa ko ya yi tsawo?