Kakarmu ta koma gida, ku ma ku ba mu labarin taku

Jika daga Garwa:
Sati biyu ke nan da muka binne kakarmu. Gardamar farko a gidan makoki ita ce shekara nawa za a sa a takardar jana'iza. Katinta cewa ya yi "née vers 1930", wato an haife ta wajen 1930, kintata kawai aka yi. Ita kuwa in ka tambaye ta sai ta ce lokacin da Ahidjo, shugaban Kamaru na farko, ya karɓi tutar 'yancin kai a 1960 tana goye da ɗanta na huɗu. Kawu ya dage sai an rubuta ɗari, Gwaggo ta ce ba za a yi wa tsohuwa ƙarya a cikin coci ba. Aka sa "ta haura 90".

Asuba ce ke wahalar da ni. Kafin ladanin unguwarmu ya kira assalatu ta riga ta durƙusa a tabarma tana jero sunaye gaban Ubangiji: 'ya'ya, surukai, jikoki, tattaɓa-kunne, har matar da Kawu ya rabu da ita tun tuni. A ɗakinta nake kwana ina yarinya, haushi nake ji, ni ce ta goma sha bakwai a layi. Yanzu ina farkawa daidai lokacin, ɗakin tsit.

Daga Ngaundere:
Sannu da rashi, 'yar'uwa, Allah ya ta'azantar da ku. Tamu 'yar cocin Lutheran ce, zanen Femmes pour Christ, zumuntar matan cocin, ne kayan adonta. Ko harafi ɗaya ba ta karantawa, amma ka kuskura ka tsallake aya a Zabura 23, da Fulatanci ko da Hausa, sai ta ce koma baya. Tun da jirgin ƙasa ya iso garin nan a 1974 ba ta taɓa shiga ba, amma duk jikan da zai tafi Yawunde karatu sai ta raka shi tasha da ƙullin gyaɗa. Ni cewa ta yi, "Mijina, kar ka kawo min kishiya daga kudu."

Daga Marwa:
Ni musulmi ne, maƙwabciyarmu zan tuna. Duk Kirsimeti babanmu take kira ya yanka mata akuya don mu ma mu ci. Da azumi kuma kununta ke riga na kowa shigowa gidanmu. Kaka muke ce mata.

Wata daga Gidar:
Ku yi haƙuri, tamu ba sanyi gare ta ba. Wanda bai je sujada ranar Lahadi ba, ba shi ba tuwon dare. Da na auri wanda ba ɗan cocinmu ba, shekara biyu ba ta amsa gaisuwata. Ranar da na haihu sai ga ta a kan babur da damin itace da ganyen darbejiya. Kwana arba'in tana yi min wankan jego, tana faɗa, tana dama kunun kanwa. Maganar auren ba ta sake tayarwa ba, haƙuri kuma ba ta ba ni ba har ta rasu.

Daga Kuseri:
A yaƙin Njamena na 1980 tamu ta haye kogi a kwalekwale da jikoki uku, tukunya ɗaya, da Littafi Mai Tsarki naɗe a ɗankwali. Tukunyar tana nan.

Jika daga Garwa:
Na gode, jama'a. Jiya muka buɗe akwatinta. A ƙasan zannuwa akwai ƙullin tsumma guda tara, kowanne da 'yan sefa a ciki, ba rubutu. Gwaggo ta ce kuɗin baikon da za ta kai coci ne, Kawu ya ce na jikokin da ba su yi aure ba ne. Mun ƙirga, mu tara ne.