Neman shawara: kafasita na zafi a filtar amfilifaya, maika ce mafita?

Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah ina neman shawara. Na haɗa amfilifaya ta transisto mai ƙara ƙarfin rediyon aika magana don zangon mita 40, wajen 7.1 MHz, tana ba ni kusan wat 100 in na fara magana, amma bayan kamar minti uku sai in ga allurar mita tana sauka a hankali har wat 70. Jiya da daddare na kashe na taɓa kafasitocin (ƙananan kayan da ke riƙe cajin wuta) na filtar fita, wato mai tace siginar kafin ya tafi eriya, ta tsakiya har ta ƙona min yatsa, da na haska tocila sai na ga ta tsage ta gefe. Irin shuɗayen nan ne na siramik masu kama da ƙwayar magani da na ciro a tsohuwar talabijin, an rubuta 1kV a jiki shi ya sa na saki jiki da su. Wani ya ce in koma silba maika, wato kafasitar da ake yi da falle-fallen ma'adinin maika da azurfa, to amma na ga yawancinsu bolt 500 ne kuma ga tsada, ya za a yi mai 500 ta jure abin da mai 1000 ta kasa? Ni ɗalibi ne, bana so in zuba kuɗi a banza.

Injiniya daga Barnawa:
Wa alaikumus salam. Ƙanena ba bolt ne ya kashe ta ba, karan ne, wato yawan wutar da ke ratsa ta. Yi lissafin da kanka: wat 100 a kan om 50 bolt 70 ne da ɗan kai, ƙololuwarsa 100, ka ga ko kusa da 500 bai je ba. Amma kafasita mai ƙimar 470 pF (ma'aunin girman kafasita) a 7 MHz turjiyarta wajen om 48 ce kawai, kenan kusan amp ɗaya da rabi ke ratsa ta, ta tsakiyar kuwa da ƙimarta ta ninka haka sau biyu ta kusa amp 3. Waɗannan shuɗayen an yi su ne don gefen wutar talabijin, cikinsu na shan wani kaso na siginar ya mai da shi zafi, in suka yi zafi ƙimarsu ta gusa, filtar ta kauce daga inda ka saita ta, ƙarfi ya faɗi, zafi ya ƙaru, haka har ta fashe. Maika asararta kaɗan ce ƙwarai kuma zafi baya gusar da ita sai ɗan abin da bai taka kara ya karya ba. Mai 500 ta ishe ka. Shawarata kar ka sa guda ɗaya a tsakiya, jera 470 biyu kafaɗa da kafaɗa su raba karan ɗin, kuma ka gajarce ƙafafunsu sosai kafin ka sa dalma.

Mai gyaran rediyo a Tudun Wada:
Gaskiya Injiniya ya gama magana. Abu ɗaya zan ƙara, ka kula da rubutun jiki wlh nan mutane ke faɗawa, 471 shi ne 470 pF, wani kamfanin in ya rubuta 470 yana nufin 47 ne, harafin J kuma na nufin ƙimar na iya kaucewa da kashi 5 cikin ɗari, F kashi 1. Ka tafi da mitarka ka auna a gaban mai kaya, ni an taɓa sayar min da siramik da aka tsoma a jan fenti aka ce maika ce, sai da na fasa ɗaya da filaya na gane, ta gaske in ka fasa za ka ga falle-falle siraran masu ƙyalli kamar ɓawon albasa.

Wani ɗan uwa daga Kawo:
In kuɗi ne matsalar ka nemi siramik mai alamar NP0 ko C0G mai bolt 500 zuwa sama, ita ma tana aiki lafiya. X7R da Y5V ne dai ka guje su a filta.

Baba daga Unguwar Rimi:
Yaro sannu da ƙoƙari, Allah ya yi albarka. A Panteka akan dace da tsofaffin na'urorin sadarwa masu maika a ciki, amma ka yi hattara da wanda ya sha damina a waje, danshi in ya shiga azurfar cikinta takan yi tafiya ta haɗe, musamman wadda ta daɗe da wutar DC a kanta. Kuma duk wannan zancen na transisto ne fa. Ranar da ka koma bawul (kwalbar lantarki da ake amfani da ita kafin transisto) irin 811A mai bolt sama da 1000 a kan farantin cikinta, ƙananan maikan nan ba wurinsu ba ne, can sai manyan na tiransimita. Sannan ban ji ka ambaci SWR ba, wato ma'aunin daidaituwar eriya da na'urar. In eriyarka bata daidaita ba bolt da karan na iya haurawa a cikin filtar, ko maikar ma sai ta ji jiki. Fara gwadawa a kan domi lod mai om 50 tukuna, wato abin da ake jonawa a madadin eriya don gwaji.

Mai tambaya:
Na gode ƙwarai Baba, na gode Injiniya, Allah ya saka da alheri. Yanzu na auna SWR ɗin na ga 2.5, ashe iskar hadarin shekaranjiya ta sassauta ƙafa ɗaya ta eriyar tana taɓa kwanon maƙwabta. Gobe in sha Allah zan hau in ɗaure ta, asabar kuma in shiga kasuwa da mitata neman 470 guda huɗu. Injiniya zoben da na naɗa wayar koyil ɗin filtar a kai T50-2 ne ja, shi ma yana ɗan ɗumi, in bar shi ko in nemi babba?

Injiniya daga Barnawa:
Ya yi ƙanƙanta a wat 100, nemi T68-2 ko T80-2, amma ka sake lissafin zagayen wayar don ba zai zo daidai da na da ba.